Ciwon Idon da Ya Ƙi Ni

Kwanakin baya jikata ta tashi da ƙaiƙayin ido, sai ga uwarta ta tallabo fuskarta da hannu biyu a tsakar gida, tana kiran sunanta, tana hura mata idon, tana tambayarta ko da zafi. Ina zaune a gindin dalbejiya ina kallonsu. Yarinyar nan fa 'yar fari ce. Uwar ba ta kauce ba, ba ta sunkuyar da kai ba, ta zuba mata ido son ranta, kuma a gabana, ni surukarta. Na so in yi faɗa irin na tsofaffi, in ce kunya ta ƙare a duniya, amma da na laluba cikina sai na tarar ba faɗa ne a ciki ba. Kishi ne. Ni da furfurata ina kishin yarinyar da ko haƙoran girma ba ta gama fitarwa ba, don kawai uwarta ta kalli tsakiyar idonta. Da suka dawo daga asibiti aka ce ba wani abu ba ne, hayaƙin janareto ne da yawan kallon waya, aka ba ta 'yar kwalbar magani. Ciwon idon yaran yanzu ke nan, babu kwantsa, babu ƙuda.

Mu a namu lokacin, a Wuro Hausa, ciwon ido yana da lokacinsa kamar yadda mangwaro yake da nasa, kuma tare suke zuwa. Idan zafin Yola ya tsananta, mangwaro ya nuna, ƙuda ya cika gari, to ka saurari kukan yara da sassafe. Yaro zai farka ya ji idonsa ya ƙi buɗuwa, kwantsa ta manne shi, sai ya fasa ihu yana laluben uwarsa. Daga wannan gida ka ji kukan, daga wancan ka ji ƙarar buta, ga tattabaru, ga sautin turmi. Duk wanda ya girma a lokacin ya san waɗannan fuskokin: tsofaffin da gashin ido ya lanƙwashe musu ciki, suna rataye da ɗan hantsaki a wuya don cire shi, yaran da ƙyanda ta bar wa hakiya fara fat a kan baƙin ido, da mutanen ƙauyukan bakin kogi da ake jawowa da sanda ranar kasuwa, manya majiya ƙarfi amma ido ya tafi. Akwai masu dundumi, waɗanda da rana ta faɗi sai su nemi bango su dafa. Manya sukan ce ciwon ido sai haƙuri. Ba wanda yake tambayar daga ina ya zo, don kowa yana ganinsa a kan fuska, ja wur, yana ruwa.

A unguwarmu, idan haƙurin ya ƙare, wajen mahaifiyata ake zuwa. Dada muke ce mata. Ba boka ba ce, ba ta karɓar komai, hannu ne kawai Allah Ya ba ta. Takan shimfiɗa tabarma a inuwar rumfa ta miƙe ƙafa, a ɗora mata kan yaro a cinya. Ga 'yar ƙwarya da ruwan ɗumi da ɗan gishiri, ga tsumma fari, ga tandun kwalli. Sai ta rufe wa yaron ido ɗaya da tafin hannunta don kada ya tsorata, ta jiƙa ɗayan a hankali har kwantsar ta saki, ta buɗe shi da yatsa biyu, ta sunkuya ta leƙa ciki. Tana yi tana wani ɗan gunji a maƙogwaro, ba waƙa ba, ba magana ba, wanda ke sa yaro ya yi tsit. Idan jariri ne takan sa uwar ta ɗiga masa nono. Yau likitoci sun hana da yawa daga cikin wannan, kuma na yarda da su, ni da na yi boko har na koyar. Amma ba maganin ne ya dame ni ba tun asali. Cinyar ce, da leƙen nan da take yi.

Ni ce 'yar farin Dada. Wanda ya san mutanenmu ya san abin da wannan ke nufi. Uwa ba ta faɗar sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi, ba ta haɗa ido da shi, sai a ce ba ta da kunya. Ana yaye ni aka miƙa ni ɗakin Goggo, yayar mahaifina, a cikin gida ɗaya. Goggo ta riƙe ni da kyau, ban rasa ci ba, ban rasa sutura ba. Amma ina iya jin muryar Dada ta bayan zana, kuma idan na shigo sai ta mai da fuskarta wajen murhu. Idan tana son in ɗebo ruwa sai ta ce wa iska, a ce wa waccan randa ta yi ƙasa. Ni ce waccan. Sai aka haifi Asta bayan maza uku, ita ce auta, kuma a kanta duk abin da Dada ta daɗe tana tarawa ya zube. Asta kuwa, Allah Ya yi ta mai ciwon ido. Ba shekarar da mangwaro zai nuna bai same ta a cinyar Dada ba, tana shagwaɓa, Dada tana kiran sunanta har da lanƙwasa shi. Ni ina gefe riƙe da ƙwaryar ruwan ɗumi.

A lokacin kowa ya yarda da ido ake ɗaukar ciwon ido. Idan ka kalli jan idon mai ciwo, to ka ɗauka. Shi ya sa yara kan rufe fuska su ruga idan sun hango mai shi, manya kuma su yi masa magana suna kallon ƙasa. Da na ji haka sai na ce to, ga hanya. Na riƙa zama gaban Asta ina zuba mata ido ba ƙiftawa, har hawaye ya zo min, har ta yi kuka ta ce Adda, wato ni yayarta, tana harararta. Na kalli idon Asta, na kalli na yaran maƙwabta, na kalli na tsohuwar da ke sayar da daddawa a ƙofar gida. Kullum in kwanta da fatan in farka a manne, kullum in farka tar. Har shekarar da jan ciwon idon nan mai yaɗuwa, Apolo, ya shigo, wanda manya suka ce tun da Turawa suka taka wata suka kwaso mana shi. Ya kwantar da gari kaf, daga limami har mai gadi, aka rasa baƙin tabarau a kasuwar Jimeta, wasu na ɗiga ruwan sukari, wasu abin da ba ya faɗuwa. Gidanmu kowa ya kamu, har Goggo, har Dada kanta. Ni kaɗai ya tsallake. Goggo tana ta alfahari da ni, wai idon 'yarta na ƙarfe ne, ko ƙuda ya sauka sai ya zame. Ni kuwa da za a ba ni zaɓi, da na sayar da ƙarfen na sayi kwantsa.

Haka na girma da lafiyayyen idona da ciwon zuciyata. Na yi karatu, na koyar a firamare a Jimeta, na yi aure a Limawa, na haifi nawa. A gaban idona abubuwan nan suka yi ta raguwa. Aka zo da rigakafin ƙyanda, aka ja famfo, aka riƙa raba ƙwayar maganin makantar bakin kogi, mu ma a makaranta muka riƙa duba fuskar yara a layi kafin a shiga aji. Hantsaki ya ɓace daga wuyan tsofaffi, rumfar Dada ta koma wurin shanyar kuɓewa. Da maigidana ya rasu, yara suka kama gabansu, sai na tattara na koma Wuro Hausa, don Dada ta tsufa, farar yana ta rufe mata ido biyu, kuma ta ce ba mai sa mata wuƙa a ido. Ni nake dama mata kunu, ni nake kai ta bayan gida, ni nake wanke mata kai. Har lokacin waccan nake. Asta tana aure a Mubi, sai Sallah take zuwa da 'yar tsarabarta, amma da an ce ga ta, sai ka ga Dada ta miƙe zaune, murya ta dawo mata, tana laluben fuskarta. An ce ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani yau da gobe. Ni ko ganin ma ba a yi min.

Sai rikicin nan ya ci Mubi. Ba zan tsaya faɗar yadda aka yi ba, duk wanda ke Yola a shekarar ya ga motoci shaƙe da mutane, ya ga waɗanda suka iso a ƙasa ƙafafu a kumbure. Asta ta iso da 'ya'yanta da jikokinta da wasu maƙwabtanta da ba su da kowa a nan, ba ta fito da komai ba sai zanen jikinta. Na rungume ta na yi kuka, kuma kukan gaskiya ne, 'yar'uwata ce. Gidan da muke mu biyu ya koma ba masaka tsinke, ana kwana a zaure, ana layin buta, tawul ɗaya fuska goma. Abin mamaki, cututtukan da muka ɗauka mun binne sai ga su sun biyo mutane. Na sake ganin ƙyanda a jikin yaro bayan na manta kamanninta. Ba a jima ba Apolo ya shigo gidan, ya fara da yara ya haura kan manya. Na sake jin kukan sassafen nan na yarintata, har da ƙarar buta.

Dada kuwa sai ta farfaɗo. Tsohuwar da sai na ɗaga ta, ita ce ta ce a shimfiɗa mata tabarma a rumfa, a kawo ruwan ɗumi. Ba ta gani, amma yatsunta suna gani. Takan shafa gashin idon yaro da babban yatsa, in ta ji kwantsa ta san aikinta. Na sayo maganin ɗigawa a kemis, na hana kwalli, na sa a riƙa wanke hannu, ta bi, amma cinyar tata ce. Wata safiya na fito daga madafa da tukunyar kunu sai na ga Asta, mace mai jikoki, ta miƙe a tabarma kanta a cinyar Dada, Dada tana gunjin nan tana kiran sunanta. Na san matar nan ta rasa gidanta, ba ta san inda mijinta yake ba a lokacin. Na san ni ce mai ɗaki da katifa. Duk da haka kishin nan na yarinta ya dawo min, bai ragu ko kaɗan ba. Na ajiye tukunyar da ƙarfi har kunu ya fallatsa.

Ana cikin haka na tashi da jan ido. Na duba madubi na ga na hagu ya yi ja kewaye da baƙin, yana min wani zugi can ciki. Wallahi daɗi na ji. Na ce ashe mai nema yana tare da samu, ko da ya kai shekara sittin yana nema. Na jira aka gama da yara, na je na durƙusa a bakin tabarma, na ce wa Asta ta gaya wa Dada ni ma ya kama ni. Dada ta miƙo hannu, fuskarta na kallon gefe kamar kullum, ta shafa gashin idona na dama, ta shafa na hagu, sau ɗai-ɗai. Ta murza yatsunta ta ji a bushe. Sai ta ce wa Asta, "Gaya wa Addarki ba komai. Ba kwantsa. Hayaƙin murhu ne." Ta janye hannunta ta ce a kawo na gaba.

Da mai hankali ce ni, da daga nan asibiti na nufa. Amma sai na zauna jiran kwantsa. Na ce bai nuna ba ne, gobe zai manne, in koma ta ji da yatsanta. Gobe ta zo, jibi ta zo, idon a bushe. Hasken rana ya zama abokin gabata, in na fito tsakar gida sai in ji kamar an soka min tsinke har ƙeya. Gani ya fara dishi-dishi, wasu baƙaƙen abubuwa suna yawo a gabana. Ƙudan da ya ƙi sauka a kan idona ina yarinya, ga shi yana shawagi a cikinsa. Masu Apolo suka warke ɗaya bayan ɗaya, wasu sababbi suka kamu, ni ina nan da ɗankwali a rufe da rabin fuska ina tuƙa tuwon mutum ashirin da wani abu.

Malama Rifkatu ce ta cece ni. Tare muka koyar shekara da shekaru, mutuniyar wajen Numan ce, tana zaune a Jimeta, kuma har ta yi ritaya Hausarta ba ta san mace ba, kowa kai ne. Ta kawo kayan sawa da matan cocinsu suka tara wa baƙinmu, ta ga ɗankwalin, ta fizge shi ba sallama. Ta dube ni ta ce, "Malama, wannan ba Apolo ba ne. Apolo yana cin ido biyu, yana ruwa. Kai kana zaune kana jiran mene? Tashi." Ta tare keke mai ƙafa uku ta tura ni ciki, muka bi ta shingayen sojoji har asibiti, tana min faɗa tun daga Yola har Jimeta.

Likitan yaro ne, sa'an ɗana na biyu. Ya sa na ɗora haɓa a kan wani ƙarfe, ya haska min fitila siririya, ya leƙa, ya daɗe yana leƙawa. A raina na ce yau ga wanda ya kalli cikin idona fiye da kowa a duniya, kuma ko sunan unguwarmu bai sani ba. Ya ce kumburi ne a can ciki, bayan baƙin ido, ba a fatar waje ba, shi ya sa babu kwantsa. Ba a ɗaukarsa a wajen kowa, ba ƙuda ne ya kawo shi ba. Ya tambaye ni ciwon gaɓoɓi, ya tambaye ni tari, ya sa aka ɗebi jini, aka auna suga, aka ɗauki hoton ƙirji. Ya ce irin wannan wani lokaci tarin fuka ne ke jawo shi, wani lokaci wata cuta ce da ta daɗe a jiki, sau da yawa kuma jiki ne da kansa yake juyowa ya yaƙi idonsa, ba a san dalili ba. Ya ce malamansa sun fi ganin irin na waje, na ƙazanta da ƙyanda, su kuma yanzu na cikin ne yake ƙaruwa a gabansu, sai ga shi gudun hijira ya dawo musu da na dā, suna fama da biyun a layi ɗaya. Nawa ba a samu dalilinsa ba. Ya ce na makara, wani abu ya riga ya manne a ciki, za a ceci abin da ya saura. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, sai dai ni ruwan da na ja daban, wanda ya zo daban.

Aka ba ni kwalabe biyu, ɗaya a ɗiga a kai a kai, ɗaya mai buɗe baƙin ido ya sa komai ya zama hazo. Aka ce kada mai Apolo ya taɓa ni. A gidan kuwa kusan kowa mai shi ne ko yana jinyar mai shi, har Asta da nata ya dawo. Da la'asar na zauna a bakin ƙofar ɗakina ina ƙoƙarin ɗiga wa kaina. Ni da ban taɓa ciwon ido ba, ban iya ba. In na matso da kwalbar sai idon ya rufe, maganin ya bi kumatu. Na yi tsaki, kwalbar ta suɓuce ta gangara. Dada tana rumfa, kunnenta ya fi na kowa. Na ji ta tambayi Asta abin da likita ya ce, Asta ta gaya mata duka, har da maganar makara. Sai ta ce a kawo mata sabulu da buta. Ta wanke hannu, ta sake wankewa, har tsakanin yatsu. Sannan ta miƙe ƙafa ta ce, "A ce mata ta zo."

Na ɗora kaina a cinyar. Ba irin wadda na yi ta hange ba ce, ƙashi ne zalla a cikin zane, amma ƙamshin man shanu da hayaƙi yana nan. Ta juyo da fuskarta sosai ta sunkuyo, karo na farko a rayuwata. Ta ce, "Wanne ne?" Ni ta tambaya, ba Asta ba. Na ce na hagu.

"Mai tawadar Allah," in ji ta.

Yatsanta ya sauka daidai wurin, ƙarƙashin gashin ido na ƙasa, can wajen kusurwa. Ɗan ɗigo ne baƙi, bai kai ƙwayar riɗi ba, kuma a shafe yake da fata, yatsa ba ya jin sa. Sai wanda ya matso kusa da ido mai gani ya daɗe yana kallo. Ita kuwa ta yi shekaru ba ta ga ko tafin hannunta ba. Na buɗe baki in tambaye ta yaushe, sai ta rufe min idon dama da tafinta kamar yadda take yi wa yara, ta buɗe na hagun da yatsa biyu. Na ɗaga shi in kalli fuskar da na yi shekara sittin ina so ta juyo, ban ga komai ba sai inuwa a cikin hazo. Ta fara gunjin nan. Ta matsa kwalbar, maganin ya sauka a gefe ya gangara cikin kunnena. Ta ce ya shiga? Na ce ya shiga.

Washegari ɗana ya zo ya ɗauke ni zuwa Limawa, wai kada in haɗa ciwo biyu. Da na dawo bayan gidan ya lafa, Dada ta koma yadda take, na koma waccan, kuma ban sami fuskar tambayarta ba har Allah Ya karɓi abinsa. Idon hagun yana nan, yana ganin haske da giftawar mutum, lokaci-lokaci ya tashi in koma asibiti. Asta ta koma Mubi, mijinta ya bayyana, sun sake gini. Matar da ta yi ciwon ido kowace shekara ta Allah, yau ita ke zura wa kanta zare a allura ba tabarau. Ta sha cinyar nan ba adadi, an kira sunanta har an lanƙwasa, ni sau ɗaya na samu, shi ma maganin a kunne ya ƙare. Ba zan ce kishin ya tafi ba, ga shi har ya sauko kan jikata.

Ranar da aka dawo da yarinyar daga asibiti na kasa haƙuri, na sa aka kira min Asta a waya. Muka gaisa, muka taɓa hirar zafi da tsadar hatsi. Sannan na ce mata, ke da na yi yarintata ina zaune a gabanki ido cikin ido, gaya min, a wane ido nake da tawadar Allah? Sai ta ce, "Wace tawada, Adda?"